Gwangwanin Maɓallan Inna Furera

Duk wanda ya taɓa shan fura a tashar Kabo ya san Uwaliya, in bai san sunanta ba ya san ƙwaryarta. Fara fat, kamar yau aka fafe ta. Direbobi har tsokanarta suke yi, wai ƙuda ma sai ya yi alwala kafin ya sauka a kan faifanta. Ita kuwa ba ta dariya da irin wannan magana. Ta miƙa maka ludayi, ka sha, ka ajiye, kafin ka goge baki ta ɗauraye shi sau biyu. Shekararta hamsin da biyar, haihuwa shida, huɗu a raye, maigidanta ya rasu shekara bakwai ke nan, kuma ba a taɓa jin ranar da tukunya ta kwana da datti a gidanta ba.

Masu cewa halitta ce ba su san abin da ya faru a garinsu Gude ba. Tsaftar nan tana da asali, kuma asalin ba mai daɗi ba ne.

Ubanta, Muntari Jalo, ɗan gidan Fulani ne da shanu suka ƙare musu suka zauna noma. Shi noman bai taɓa shiga ransa ba. Mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya dawo da tari da maɓallan kaki guda uku. Tarin ya kai tsoho kushewa, maɓallan suka zama abin wasan Muntari. Da yaƙin basasa ya tashi aka zo neman samari, bai yi shawara da kowa ba, ya bar matarsa Furera da ƙaramin ciki ya hau mota. Sau ɗaya ya dawo, hutun kwana uku, ya tarar an haihu, aka yi suna a gabansa. Ya sa wa jaririyar sunan mahaifiyarsa, Ummukulsum, shi ya sa ake kiranta Uwaliya. Rana ta uku ya koma. Ganin ƙarshe ke nan da aka yi masa.

Bayan an gama yaƙi da wata biyar, wani baƙo mai ɗingishi ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce tare suke da Muntari, ya ce Muntari ya faɗi a bakin wani kogi can kudu. Ya nemi magana da matar Muntari, ya yi mata 'yar gajeriyar magana ta bayan zana, ya miƙa ƙullin takarda. Maɓallai shida ne a ciki. Ya sha ruwa ya kama hanya, ba wanda ya tuna ya tambayi garinsu. Furera ta kwance ƙullin a ɗaki ita kaɗai, ta fito ta ce za ta shiga takaba.

Yayyen Muntari suka ce wace takaba? Ba gawa, ba takarda, sai maɓalli? Maɓallin da ake zubawa a tire a kasuwa? Suka je Kano sau biyu, suka dawo ba labari. Ana cikin haka wani mai fataucin goro ya rantse da girman Allah ya ga Muntari a Ikko, ya yi ƙiba, yana tafe da wata mata doguwa. To, magana zarar bunu ce. Daga ranar gari ya yanke hukunci: Muntari bai mutu ba, guduwa ya yi ya bar mace da goyo. Furera ta yi takabarta ita kaɗai, wata huɗu da kwana goma, ko ƙwayar gero dangin miji ba su aiko ba. Manema suka zo daga baya, ta ƙi kowa.

Haka Uwaliya ta tashi da suna biyu, nata da wanda yara suka laƙa mata a bakin rijiya: 'yar gudajje. Tun tana ramawa da duka har ta gane duka ba ya rufe baki. Sai ta samo wata dabara. In sun ce ubanta ya gudu, ai ba za su ce ita ƙazama ce ba. Ta kama wanki da dirza da shara kamar wadda aka yi wa asiri. Tana shekara tara kwanukan kakarta suka fi na kowace amarya ƙyalli a unguwar.

Za ku ce, to, ta tambayi uwarta mana. Wai! Ba ku san Inna Furera ba, ba ku kuma san kunyar 'yar fari a irin gidansu ba. Inna ba ta taɓa goya ta a gaban mutane ba, kakarta ce ta goya ta. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, na yanka ko na alkunya. “Ke” shi ne sunan Uwaliya a bakin uwarta, in abin ya yi nisa a ce “'yar nan.” Lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ta, Inna a bakin ƙofa ta tsaya ta ce, “Yaya mai jikin?” kamar maƙwabciyar da ta zo dubiya. Sunan miji kuwa, ko a mafarki.

Sau uku Uwaliya ta yi tambayar a rayuwarta. Tana shekara goma ta ce, “Inna, da gaske Baba guduwa ya yi?” Inna ta ce, “Je ki ɗebo ruwa.” Ana gobe za a kai ta ɗakin miji a Kabo ta sake tambaya, Inna ta ce, “Allah ya ba ku zaman lafiya.” Da ta yi haihuwar fari ta kuma, Inna ta tashi ta bar ɗakin. Daga nan Uwaliya ta yanke a ranta cewa wannan shirun mace ce da aka gudu aka bari, kunya ta hana ta faɗa. Ta ƙullaci ubanta, ƙullaci mai tsanani. Uwar kuma tana tausayinta tana jin haushinta, duk a zuciya ɗaya.

Da ciwon yanar ido ya rufe idanun Inna, shekara goma da suka wuce, Uwaliya ta ɗauko ta ta dawo da ita Kabo. Kayan tsohuwa ba su cika buhu ba, amma akwai wani gwangwanin alewa da fentinsa ya goge, wanda ta ƙi yarda a sa a buhun, a cinyarta ya yi tafiyar. Maɓallai goma sha ɗaya ne a ciki: ukun surukinta na Bama, biyu na wani kawunta, da shidan da baƙo ya kawo. Kullum bayan la'asar sai ta zazzage su a kan zaninta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, bakinta yana motsi. Duk sun yi baƙi, wasu sun yi kore-kore a lungunansu. Akwai ɗaya da ya fi kowanne muni: wani guntun tsumma manne a bayansa, da dunƙulen zare naɗe a ɗan zobensa, baƙi ƙirin kamar daddawa. Shi Inna take daɗewa riƙe da shi.

Gwangwanin nan shi kaɗai ne abu mai datti a gidan Uwaliya, kuma yana tsaya mata a rai. Sau ɗaya ta ce, “Inna, kawo in ɗan wanke miki su.” Inna ta mayar da murfi ta ce, “A'a.” Ba ta ƙara ko kalma ba.

Abin ya taso ne daga ruwan wanke-wanke. Ikilima mai ƙosai, wadda suke jere a tasha, ita ma 'yar Gude ce, sa'ar Uwaliya, tare suka yi ɗiban ruwa a rijiyar nan. Ran nan ruwan ɗaurayar Uwaliya ya gangara ƙarƙashin itacenta ya jiƙa shi. Cacar baki ta tashi, kowa ta faɗi son ranta, sai Ikilima ta riƙe ƙugu ta ce, “Ke da wankinki! Ki dirji ƙwarya har ta huje, ba zai wanke miki uban da ya gudu ya bar ki a zanen goyo ba!”

A gaban direbobi, a gaban fasinja. Mace mai jikoki biyar ta tsaya da ludayi a hannu, hawaye na zuba kamar yarinyar bakin rijiya. Tir da bakin da ba ya tsufa! Shekara hamsin sun wuce, amma zafin yana nan yadda yake, ko ɗigo bai ragu ba.

Wani direba, Lukuman, da ya daɗe yana shan furarta, ya jira aka watse ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri. In akwai wani abu na soja a hannunku, akwai wani tsoho a Gwarzo, Saje Tasi'u, shi ma ya yi yaƙin. Da ido kawai yake gane kayan soja, ya faɗa miki na wane zamani ne.” Maganar ta zauna mata. Inna ta doshi tamanin, jiki yau lafiya gobe babu. Ranar da ta rufe ido, an rufe maganar ke nan har abada, Uwaliya kuma za ta bi ta kabari ba ta san ko ita 'yar mamaci ce ko 'yar gudajje ba.

A makon ne ƙanin Inna ya rasu a Gude. Suka tafi tare, Uwaliya za ta juyo a ranar, Inna za ta zauna har sadakar uku. Kafin su fita, tsohuwa ta lalubo gwangwanin daga ƙarƙashin matashi ta miƙa. Ta ce, “Ke, gidan makoki ba wurin ajiya ba ne. Ki lura min da shi.”

Washegari da sassafe Uwaliya ta buɗe shi a tsakar gida, da niyyar kai wa Saje. Da hasken rana ya faɗa kan maɓallan sai ta yi tsaki. Haba! Mace ko kwano ba ta aikawa maƙwabta ba ta wanke ba, balle ta ɗauki kayan ubanta da wannan ƙazanta ta shimfiɗa gaban dattijon da bai san ta ba. Ya ce daga wane gida ta fito? Kuma ta yaya zai ga abin da ke jikinsu ta cikin wannan baƙi?

Ta yi musu abin da take yi wa tiren tagulla. Ta jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi ta zuba su ciki. Ta tankaɗe toka, ta kawo soso, ta ɗebo rairayi mai laushi saboda masu taurin kai. Ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno ta bi su ɗaya-ɗaya, gaba da baya, tana dirza har yatsunta suka yi fari. Da ta zo kan mummunan nan, zaren ya ƙi fita. An naɗa shi an sake naɗawa, an yi masa wani ƙulli mai taurin tsiya. Ta ce, “Ɗinkin maza ke nan, ba kyau sai ƙarko.” Ta ɗauko reza ta yanke shi, ta ɓamɓare guntun tsumman, ta jefa su a murhu. Wani ƙauri ya tashi, irin na gashi in ya ƙone. Ta taɓa ɗankwalinta, ta ɗauka silin gashinta ne ya faɗa wuta, ta gyara ɗauri ta ci gaba da aiki.

Kafin hantsi maɓallai goma sha ɗaya suna jere a kan faifai suna ɗaukar ido. Ga bishiya ta fito a wasu, ga tsuntsu a wasu, abin da ba ta taɓa sanin suna da shi ba. Allah sarki, ta yi murna. Har cewa ta yi a ranta, da Inna tana gani da ta sa mata albarka.

Ta samu Saje Tasi'u a gindin darbejiya a ƙofar gidansa, can bayan tashar Gwarzo, dogon tsoho siriri, yana sauraron rediyo. Ta durƙusa. An gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya da hanya da mutanen Kabo, ya aika aka kawo mata ruwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya kashe rediyon, ya sa tabarau, ya shimfiɗa hankici a kan tabarma. Ta zazzage.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “'Yata, wa ya yi musu wannan aika-aika?”

Ta ce, “Baba, ni na wanke su. Da sun yi baƙi ne.”

“Da me?”

“Tsamiya da toka. Da ɗan rairayi.”

Ya ce, “Inna lillahi. Rairayi!” Ya ɗaga ɗaya ya juya shi a rana. “Kin ga yadda ya yi ja-ja? Tsami ya cinye masa fata. Tsohon maɓalli ba tukunya ba ne. Ruwan ɗumi ake sa masa da ɗan sabulu, a bi shi a hankali da tsohon buroshin haƙori, a tsane shi da auduga. Shi ke nan. Baƙin nan da kika gani rigarsa ce, shekaru suka ɗinka masa. Kuma kafin ruwa ya taɓa shi, bayansa ake fara dubawa, nan maƙera suke buga sunansu. Duba nan, da akwai rubutu, yanzu sai inuwarsa.”

Uwaliya ta sunkuyar da kai. Ba a taɓa yi mata faɗa a kan wanki ba tun da aka haife ta.

Ya ga ta ji kunya, ya sassauta murya, ya shiga ware su da ɗan yatsa. Ya tura uku gefe. “Waɗannan masu bishiyar kwakwa, na zamanin Turawa ne, rundunar da ta je Bama. Mai su ya ga duniya.” Ta ce kakanta ne. Ya tura biyu wani gefen. “Waɗannan ba na soja ba ne sam. Na ɗan doka ne, zamanin En'e.” Ta ce kawun Inna ne, an ce ya yi aikin doka. Saura shida. Ya jera su, ya ce, “Waɗannan masu mikiya, namu ne. Na sa irinsu. Na goge irinsu har hannuna ya yi kanta.”

Uwaliya ta matso kusa. Ta ce, “Ke nan Baba, ubana soja ne? A yaƙin ya mutu?”

Saje ya cire tabarau. “Ba zan yi miki ƙarya ba, na kusa kabari. Maɓallan soja ne, wannan ba shakka. Amma na kakin fareti ne, ba ma shiga daji da su, ƙyallinsu sai ya sa a harbe ka. Dubban mutane sun sa irinsu. Bayan yaƙi na ga ana sayar da su a kasuwa, tsibi-tsibi. Mikiyar nan za ta faɗa miki rundunar, ba za ta faɗa miki mutumin ba.”

“To me zai faɗi mutumin?”

“Abin da ya bari a jiki. Mu da muka kwashi 'yan'uwanmu, ba da tambari muke gane su ba. Wani ya karce harafi a bayan maɓalli da tsinin wuƙa. Wani ya ɗaura wani abu. Wani ɗinkin matarsa ne, zaren gida, ka gani ka san ba telan bariki ya yi ba. Babu wanda ya zo da zare ko ƙyalle a jikinsa?”

Uwaliya ta dafa ɗankwalinta. Ƙaurin nan na safe ya dawo mata a hanci.

Ya dube ta, ya gane. Bai ƙara tambaya ba. Ya tattara maɓallan da kansa ya mayar gwangwani, ya rufe, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce, “Allah ya jiƙan mai su, ko wane ne. Ki gaida tsohuwa.”

Ko da ta koma gida ta tone murhun nan har ƙasa, ta tankaɗe tokar da rariya. Toka ce kawai. Garin neman gira ta rasa ido, kuma ba ta ma san girman idon da ta rasa ba tukuna. Kwana biyu ba ta dama fura ba.

Ranar sadakar uku da azahar aka dawo da Inna. Ta yi salla, ta ɗan kishingiɗa. Da aka yi la'asar ta ce, “Ke, gwangwanina.” Uwaliya ta kawo, ta tsaya a bakin ƙofa.

Inna ta zazzage su a zani. Yatsanta ya sauka kan na farko ya tsaya cak. Ta ɗauki na biyu, na uku. Ta bi su duka, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ta lalubi cikin gwangwanin, ta lalubi tabarma, ta ɗaga gefen zaninta ta karkaɗe.

“Wa ya canja min su?”

“Ba a canja ba, Inna. Su ne.”

“Ina mai zaren?”

Uwaliya ta zube a gabanta. Ta faɗi komai: Ikilima, Lukuman, tsamiya, reza, murhu, Saje. Ba ta rage ba, ba ta kare kanta ba. Ta jira faɗa, ta jira tsinuwa ma. Da Inna ta yi magana, muryarta a kwance take, kamar mai ba da labarin wasu mutane.

“Ranar suna da safe wanzami ya yi miki aski. Kakarki ta tara gashin a ƙoƙo za a binne. Na faki ido na ɗebi kaɗan na ƙulle a bakin zanina. Shi kuma maɓallin aljihunsa na hagu yana lilo, ya ba ni in gyara. Na murza gashin da zaren da na kaɗa da hannuna, na ɗinke maɓallin da shi, na naɗa sau bakwai, na ƙulle. Yana zaune yana kallona. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Da zai hau mota na leƙa ta zana, na ga ya dafa aljihun.”

Ta numfasa.

“Baƙon nan ya ce min biyar ɗin a akwatinsa aka same su, jikin kaki. Wannan kuwa ya yanko shi da ƙyallensa ya rataya a wuya tare da layarsa. A wuyansa aka cire shi. Da na kwance takardar na ga ƙullina. Ba wanda ke irin ƙullin nan sai ni. Mutumin da ya gudu ba ya rataya gashin 'yarsa a wuya.”

Kuka ya ƙwace wa Uwaliya, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da maigidanta ya rasu. Ashe da ta ce gashinta ne ya faɗa wuta, nata ɗin ne. Ya je kudu, ya shiga daji, ya kwanta a ƙirjin ubanta har numfashinsa na ƙarshe, ya dawo Gude a ƙullin takarda, ya yi shekara hamsin da 'yan kai a hannun uwarta, ita kuma ta ƙone shi da safe ɗaya saboda datti.

Cikin kukan ta ce, “Inna, me ya sa ba ki nuna musu ba? Me ya sa ba ki faɗa min ba?”

“In tsaya gaban yayyen mijina in ce na saci gashin 'yar fari na ɗaura wa miji? Da wane bakin? Ke kuma in dube ki in faɗa miki wannan?”

“Sun kira ni 'yar gudajje, Inna. Tun ina ɗiban ruwa.”

“Na ji. Ina bayan zana. Duk na ji.”

Nan muryar tsohuwa ta karye. Ta sa bakin mayafi ta goge idanun da ba sa gani. Can ta miƙa tafin hannu ta ce, “Ba komai. Ba ni shi haka nan. Wanne ne a ciki?”

Uwaliya ta duba zanin. Shida masu mikiya, sumul, suna ƙyalli iri ɗaya kamar an ƙera su yau. Ta juya wannan, ta juya wancan, ta duba zobensu ko reza ta bar alama. Ta dirje su da kyau, aikinta ba ya barin alama. Wallahi ba ta san wanne ba ne.

Ta ɗauki ɗaya ta sa a hannun uwarta. Inna ta murza shi a hankali, gaba da baya, ta daɗe. Ta ce, “To.” Ba ta ce shi ne ba, ba ta ce ba shi ba ne. Ta ajiye shi cikin sauran.

Sannan ta lalubo kan 'yarta, ta zame ɗankwalin, ta ɗora hannu a kan gashin da furfura ta cinye rabinsa. Ta ce, “Uwaliya. Daina kuka. Ubanki bai gudu ba.”

Shi ne karo na farko da ta ji sunanta a bakin uwarta, kuma ba ta sake ji ba. Inna ba ta ƙara neman gwangwanin ba. Bayan la'asar sai ta zauna hannuwanta a cinya, babban yatsa yana murza na kusa da shi, ba komai a tsakaninsu. Uwaliya ta kawo mata shi sau biyu, ta ce a mayar. Bayan ƙaramar salla da kwana tara ta rasu, aka kai ta Gude.

Uwaliya ta koma tasha. Ƙwaryarta tana nan fara fat, direbobi suna nan da tsokanarsu. Ikilima ta zo ta'aziyya, ta nemi gafara, an yafe. Uwaliya ba ta gaya mata komai ba. Me za ta nuna mata? Ta samu amsar da ta nema tun tana shekara goma, shaidar kuma ita ta ƙone ta da hannunta.

Gwangwanin yana ƙarƙashin matashinta yanzu. Damina biyu sun wuce, maɓallan sun fara dusashewa, ba ta bari ko ruwa ya taɓa su. 'Yarta Mansura ta zo wankan jego ta gan su, ta ce, “Umma, kawo in ɗan goge miki.” Uwaliya ta riƙe hannunta ta zaunar da ita, ta ba ta labarin tun daga farko, da sunan kowa, ba ta bar komai a bayan zana ba. Bayan la'asar takan zazzage shidan a zaninta, ta rufe ido, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Har yau ba ta gane shi ba.